Kalma Mai Wutsiya

Ranar Talata, aji na uku, lakwal ɗinmu ta Tawa,
fanka ta mutu tun makon jiya.
Na rubuta kalmar a allo, alli ya karye biyu.
Haruffa bakwai.
Yara suka ɗauka da baki ɗaya: begili, begili,
kamar masu talla a bakin tasha.

Na ce, ku dubi wutsiyarta, wannan "li" ɗin.
Galibi in kalmar Ingilishi ta jawo irin wannan wutsiya
ba ta zama ita kaɗai,
bayan aiki take bi, tana faɗin yadda aka yi shi.
Bayanau ake ce mata.
Sai dai wannan, bayanau ce ta wurin da bayani ya ƙi fita.

Illa ya ɗaga hannu. Mushe, ƙarya ke nan?
A'a. Ƙarya tana da wuyan riga, kana iya cafke ta.
To shiru ne?
Shiru ai ba ya cinye maka kuɗin waya.

Na zazzage musu abin da na taho da shi daga gida:
sama-sama, a dunƙule, ƙumbiya-ƙumbiya, harshen damo.
Kowace na saka mata sai ta zama rigar aro,
nan ta matse, can ta yi yawa.
Na ce, to, kamar ka hangi mutum bayan magariba
can nesa a hanyar Kwanni.
Ka san mutum ne.
Ko zuwa yake, ko tafiya, oho.

Wa zai ba ni jimla?

Babu hannu. Ƙuda yana zagaya kwalbar ruwana.
Sai Sahiya, ta kujerar ƙarshe, jikin taga,
wadda tun farkon shekara ban san muryarta ba:
Mushe, in faɗa da Hausa tukuna?

Babana yana Abijan, shekara huɗu.
Duk Juma'a yana kira.
Inna ta ce masa, yaushe za ka zo?
Ya ce, to, ana nan dai ana dubawa,
in abubuwa suka ɗan daidaita,
wajen bayan salla haka.
Bai ce wace salla ba.
Mun yi takwas.

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Na juya ga allo da guntun allina
na rubuta mata da Ingilishi: ya amsa, sannan kalmar.
Kalma uku kacal.
Shekara huɗu sun shige ciki, har da sauran wuri.
Na ba ta sha takwas bisa ashirin.
Har yanzu ban san dalilin da na riƙe biyun ba.

Da la'asar na biya likita.
Dokta ya cire tabarau, ya ɗaga hoton ƙirjin tsohuwata ga haske,
ya yi mini magana fes, da Faransanci,
ba kwana, ba wutsiya.
Na ninke takardar huɗu, na tura aljihu,
na tsaya sayen kilishin da ba ni da niyyar saye.

Tana kan tabarma, tana tsince wake a faifai.
Me suka ce?
Na ce, to, sun ce dai a ci gaba da magani,
a ga abin da hali zai yi,
wai ba wani abu ba ne sosai.

Ba ta taɓa taka lakwal ba.
Ba ta san bayanau ba, ba ta san aikatau ba.
Ta ajiye faifan.
Ta dube ni irin duban da take wa hatsin awo a kasuwa.
Nomau, ta ce,
ni na koya maka magana.
Buɗe bakinka.

Akuya ta matso ga waken, babu wanda ya kore ta.
Na cire takalma, na zauna bakin tabarmar,
na ciro takardar.